Kati a Aljihu, Baki a Rufe

A zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairun 2023, hukumar zaɓe ta INEC tana da sunayen mutum miliyan 93 da ɗoriya a rajistarta. Ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba. Wato a cikin kowane mutum huɗu da suka sha rana a layi, aka ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu, kusan uku gida suka zauna ranar da aka yi wahalar dominta. Shugaban da aka rantsar ya hau kujera ne da ƙuri'un da ba su kai miliyan 9 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Ko a Kano, inda ake tinƙaho da yawa da kuma sanin siyasa, masu rajista sun kusa miliyan 6, amma ƙuri'un ba su kai miliyan 2 ba. A 2003 kashi 69 cikin ɗari aka ce sun fito, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35, a 2023 kashi 27. Ko da an yarda akwai aringizo a alƙaluman baya, kuma an tuna da ƙarancin takardun kuɗi da ya wahalar da mutane gab da zaɓen 2023, kowa na ganin inda muka dosa.

Ba zaɓe kaɗai ke damuna ba. Zaɓe shi ne wurin da ake iya ƙirga shirunmu da lamba, shi ya sa na fara da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun zama mutanen da ke da haƙƙoƙi a rubuce, an sha wuya kafin a same su, amma ba ma taɓa su. Muna da damar yin magana, da damar taruwa, da damar tambayar inda kuɗinmu ya shiga, da damar ƙin yarda a tsare mu ba bisa ƙa'ida ba. Duk suna nan a babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 da wasu dokokin da suka biyo bayansa. Ba wanda ya soke su. Mu ne muka daina zuwa wurinsu, kuma ra'ayina shi ne duk haƙƙin da aka daina amfani da shi ƙwace shi ake yi a hankali, ba tare da an goge ko harafi ɗaya a takarda ba. Duk manomi ya san abin da ke samun gonar da mai ita ya shekara biyar bai leƙa ba: takardarta na nan a akwatinsa, amma kowace damina maƙwabta sai sun ci kunya ɗaya ko biyu, har ranar da zai zo ya rasa inda iyakarsa take.

Ya kamata matasanmu su san cewa waɗannan abubuwa ba daga sama suka faɗo ba. Ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma abin da 'ya'yanta suka gani a hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ba ƙarami ba ne. A wancan zamani, mutum ya tara jama'a ya yi lacca ba da izini ba, ko ya ambaci sunan sarki ba tare da ladabin da ake so ba, ya isa a kai shi gaban alƙali a yi masa bulala ko a tura shi gidan yari. Teloli da 'yan koli da malaman zaure da ƙananan 'yan kasuwa ne suka ɗauki wannan wahala tare da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur. Ba masu kuɗi ba ne, galibinsu ma ba su yi boko ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an yi mata duka, an kore ta daga Kano, kuma babban laifinta shi ne ta ce mace ma mutum ce da za ta yi zaɓe. Matan kudu sun yi zaɓe tun kafin samun mulkin kai. Matan Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su wannan dama, a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Akwai tsofaffi da ransu a yau waɗanda sun yi aure sun haihu a lokacin da doka ba ta san da ƙuri'arsu ba.

Kuma wahalar ta yi rana. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abubuwan da suka sa talakawa gudun dare daga ƙauyukansu shekara da shekaru. Ƙuri'ar talaka ce ta yi wannan. Sojoji suka dawo suka rufe bakin kowa: a 1984 doka ta 4 ta ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a zamanin Abacha kuwa ko a majalisar unguwa sai mutum ya waiga kafin ya yi magana. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun biya nasu kuɗin: ɗalibai sun rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, kafin a kai ga babban taron ƙasa na 1991 da ya buɗe ƙofar jam'iyyu. Yau ga shi tun juyin mulkin Yulin 2023 an dakatar da jam'iyyun, daga baya aka rusa su. Mutanen Nijar su suka fi kowa sanin abin da ya kai su ga haka, kuma ba ni da hurumin yi musu hukunci. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ƙofar da aka buɗe da jini ana iya rufe ta a safiya ɗaya.

Na san amsar da ake bayarwa, domin ita nake ji a tasha da kasuwa da wurin ɗaurin aure: "Ai sun riga sun rubuta." "Ko ka yi, ko ba ka yi ba, wanda suke so shi za su ba." Ba zan ce babu maguɗi ba, wanda ya faɗi haka bai girmama hankalin jama'a ba. Mun ga 'yan jagaliya, mun ga an fasa akwati, mun ga zaɓen da aka ce bai kammalu ba sannan aka kammala shi da sanduna. Amma in da komai a rubuce yake, yaya aka yi Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci a Kano a 2003? Yaya aka yi shugaban ƙasa mai ci ya faɗi a 2015? A 2019 gwamnonin Bauchi da Adamawa suna kan kujera aka kayar da su, a 2023 haka ta faru a Zamfara. A Sakkwato a 2019, tazarar da ke tsakanin wanda ya zama gwamna da wanda ya zo na biyu ƙuri'a 342 ce. Masallacin unguwa ɗaya yakan tara fiye da haka a sallar magariba. Waɗanda suka yi "a kasa, a tsare, a raka" sun san abin da suke yi. Mai maguɗi ya fi son rumfar da babu kowa, domin ƙuri'ar wanda bai zo ba ita ce mafi sauƙin sata, kuma sayen mutum ɗari ya fi sayen mutum dubu araha. Duk wanda ya zauna a gida don ya huce haushi, ya rage wa ɓarawon ƙuri'a aiki ne.

Akwai kuma maganar yunwa, wadda ba na ɗaukarta da wasa. Uwar da ta karɓi taliya da sabulu ko turmin atamfa ranar zaɓe ba zan zage ta ba. Wanda ya bar ta shekara huɗu cikin halin da taliya za ta zama abin murna, shi ne abin zargi. Sai dai ina so a lura da wani abu: ɗan siyasar da ke rabon taliya ya fi mu yarda cewa ƙuri'a na da daraja, in ba haka ba da bai kashe kuɗinsa a kanta ba.

Amma bari in bar zaɓe, domin rana ɗaya ce a shekara huɗu. Inda muka fi yin asara shi ne sauran kwanakin.

A shiga kusan kowane ofishin 'yan sanda a ƙasar nan, za a ga an rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Mutum nawa ne suka taɓa karɓo ɗan'uwansu kyauta? Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin yini ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun haramta kama wani a madadin wani, wato a tsare uba ko mata ko ƙane don wanda ake nema ya gudu. Dokar 2015 ɗin ta kuma ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace. Duk da haka abin da muka saba shi ne a haɗa kuɗi a dangi, a nemo wani mai faɗa a ji a unguwa, a je a durƙusa a ce "ranka ya daɗe, a taimaka." In an fito a ce Allah ya isa, a koma gida. Gobe a yi wa maƙwabci, shi ma ya biya, har biyan ya zama kamar shi ne dokar. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da aka kafa tun 1976 domin wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ba na cewa suna aiki yadda ya kamata, wasu ofisoshinsu ma kamar an manta da su. Amma ofishin da ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa, barci zai ci gaba da yi, kuma in an tashi yanke kasafi da shi za a fara.

Sai ƙaramar hukuma, gwamnatin da ta fi kusa da mu, kuma wadda muka fi sakin wa mara. Akwai guda 774 a Najeriya, Kano kaɗai na da 44. Kowane wata ana raba kuɗi daga asusun tarayya, kuma tun 2004, zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, aka fara wallafa abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu. Har yau alƙaluman na fitowa, duk mai waya da data zai iya gani. A tambayi mutum goma a majalisar shayi nawa ƙaramar hukumarsu ta samu a watan jiya, da wuya a sami ɗaya da ya sani. A tambaye su sunan kansilansu, wasu ma sai sun yi tunani. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. An yi murna a rediyo, aiwatarwa kuwa ta yi ta tafiyar hawainiya. Zaɓen ƙananan hukumomi kuma kowa ya san yadda yake: jam'iyyar gwamna, kowacce ce, takan lashe kujeru kakaf, a rumfunan da sau da yawa ba a ga layi ba. Ko da an turo kuɗin kai tsaye gobe, in babu mai tambayar ciyaman, wurin da ake cin kuɗin ne kawai zai sauya. Rufin ajin firamare da iska ta yaye, da famfon burtsatse da ya mutu, da asibitin sha-ka-tafi da babu ko farasitamol, duk a wannan mataki suke, ba a Abuja ba.

Doka ta ba mu makamin tambaya, kuma makami ne mai kaifi. A watan Mayun 2011 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, bayan an shafe fiye da shekara goma ana fafutukar ta. Abin da ta ce a taƙaice: kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi a ba shi bayani ko takarda, misali wa aka ba kwangilar titin nan, nawa aka biya, yaushe ya kamata a gama. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ma'aikatar na da kwana bakwai ta ba da amsa, in ta ƙi ta faɗi hujja a rubuce, shi kuma yana da damar zuwa kotu. Jihohi da yawa sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau kansu. Galibin masu amfani da wannan doka ƙungiyoyi ne da 'yan jarida na Legas da Abuja. Mu 'yan Arewa da muka fi kowa yawan yaran da ba sa makaranta da matan da ke mutuwa wurin haihuwa, mu ne muka fi kowa ƙarancin tambaya.

Wanda yake ganin tambaya ba ta haifar da komai, ya tuna Bagega. A 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda mutane ke dakan duwatsun zinare a cikin gidajensu, ƙurar na shiga ƙasa da abinci da ruwa. Yara fiye da 400 suka mutu. An share ƙasar wasu ƙauyuka, aka yi wa yaransu magani, amma Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa cutar, sai an fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin aikin, kimanin naira miliyan 850, sannan aka yi shiru. Watanni na wucewa, yara na shan guba. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar. Suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da bayanan iyaye, suka riƙa tambaya ɗaya a intanet da jaridu da gaban 'yan majalisa: ina kuɗin da aka yi alƙawari? Ƙungiyoyin waje irin su Human Rights Watch suka sa baki. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka share ƙauyen, aka fara yi wa ɗaruruwan yara magani. Waɗannan matasa ba su da muƙami, ba su da jam'iyya, ba su ƙona taya ba. Sun san adadin kuɗin, sun san ofishin da ya riƙe su, kuma sun ƙi gajiya. Akwai samari da 'yan mata a Bagega a yau da suke raye saboda wasu sun yi amfani da haƙƙinsu na tambaya.

Tsoro fa? Shi ma gaskiya ne, kuma ba zan tura ɗan kowa inda ba zan tura nawa ba. An kama mutane a ƙasar nan saboda rubutu a Facebook, an yi amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 an tsare 'yan jarida, an rufe Twitter baki ɗaya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 an rasa rayuka, akasari a Arewa. Amma a duba abin da ya biyo baya. A farkon Nuwamban shekarar aka gurfanar da yara ƙanana, da yawansu daga Kano da Kaduna, a babbar kotun tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Hotunan suka fita, ƙasa ta ɗauka, malamai da lauyoyi da iyaye da 'yan jarida suka yi magana da murya ɗaya. Cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Da kowa ya ce ba ruwansa, da waɗannan yara sun ci gaba da zama a tsare.

Haƙƙin taruwa kansa a kotu aka ƙwato shi, kuma daga Kano maganar ta taso. A Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, suka ce ba a nemi izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa ɗan Najeriya ba ya buƙatar izinin 'yan sanda kafin ya yi taro ko jerin gwano na lumana. Da sun ce Allah ya isa sun watse, da har yau takardar izini ake nema. A nan dole in faɗi ɗaya gefen: yaran da suka fasa shaguna da ma'aikatu a Kano a Agustan 2024 sun cuci masu zanga-zangar gaskiya fiye da yadda kowane jami'i ya cuce su, domin sun miƙa wa masu son hana taro hujja a hannu. Kuma wannan ma alamar rashin sabo ce. Al'ummar da ba ta saba fitowa cikin tsari ba, da shugabanni sanannu da buƙatu a rubuce, ranar da tura ta kai bango sai fitar ta zo a hargitse.

Wani zai ce addini ya koya mana haƙuri da biyayya ga shugabanni. Haka ne, kuma ba ni da ja. Amma addinin nan shi ya ce wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in ba zai iya ba da harshensa, in ba zai iya ba da zuciyarsa, kuma wannan na ƙarshe shi ne mafi raunin imani. Mun tsallake na farko da na biyu mun yi zamanmu a na uku, alhali harshenmu lafiyarsa ƙalau kuma dokar ƙasa ta ba mu damar amfani da shi. Malamanmu kan ba mu labarin mutumin da ya tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari ya tambaye shi inda ya sami ƙarin yadin da ya ɗinka rigarsa, Umar bai sa an kama shi ba, ya kawo shaida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi da rubutu a kan haraji na zalunci da cin hancin alƙalai da ƙwace dukiyar talaka. Haƙuri a kan jarrabawar da ta zo daga Allah ibada ce. Yin shiru a ga ana sace kuɗin maganin yara, wannan wani abu ne daban, kuma bai kamata a ba shi sunan haƙuri ba. Zan so in ji huɗubar Juma'a da limami zai karanto wa jama'a abin da ƙaramar hukumarsu ta samu a wata uku, ya ce amana ce, ku je ku tambaya cikin ladabi.

Kuma wannan ɗabi'ar a gida ake koyonta ko a rasa ta. Mata nawa ne ke da gado a gonar mahaifinsu, shari'a ta ba su rabonsu a fili, amma shekara ashirin ba su buɗe baki ba don kada a ce sun raba zumunci? 'Yan mata nawa aka ɗaura wa aure ba a tambaye su ba, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khidam da mahaifinta ya ɗaura ba da yardarta ba? Ita da ƙafarta ta je ta kai ƙara. Yaron da aka saba wa cewa duk tambaya rashin kunya ce, in ya girma ba zai iya kallon ciyaman ya ce ina kuɗin famfo ba. Kunya adonmu ce, ba na so mu rasa ta. Ana iya gaida babba a durƙushe, a kira shi baba, sannan a faɗa masa gaskiya.

Ba za a ce bakinmu a rufe yake ɗungurungum ba. Tun da aka buɗe gidan rediyon Freedom a Kano a 2003, wasu suka biyo baya, talaka ya sami inda zai kai kuka, kuma sau da yawa kukan kan sa a gyara. Sai dai kaso mai yawa na wannan fili sojojin baka ne suka cinye shi, waɗanda ake biya su yabi ubangida su zagi abokin hamayyarsa. A Facebook da TikTok ma haka: matashi zai ƙona data yini guda yana kare wani ɗan siyasa da bai san da zamansa ba, yana zagin iyayen wani matashin da suke fama da talauci iri ɗaya. Wannan ba da aron baki ne, mai shi bai faɗi komai nasa ba. Da rabin wannan ƙarfi ya tafi wajen ɗaukar hoton ajin da yara ke zaune a ƙasa, da sunan makarantar da mazaɓar da adadin kuɗin da aka ware mata a kasafi, da an ga canji. Ƙungiyar BudgIT na wallafa ayyukan mazaɓu da 'yan majalisar tarayya suka sa a kasafi, gari da gari. Tsarin mulki ma, a sashe na 69 da na 110, ya ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye. Sharaɗin na da tsauri, sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 bai kai labari ba. Amma ɗan majalisar da ya san mutanensa na karanta kasafi ba zai yi shekara uku bai zo gida ba.

Saura tambayar wa zai fara, tunda mutum ɗaya in ya fito shi kaɗai ana iya murƙushe shi. Ba sai an kafa sabuwar ƙungiya ba, muna da su birjik. Kowace unguwa na da kwamitin masallaci, da ƙungiyar matasa masu aikin gayya, da 'yan sintiri, da matan adashi da na Islamiyya. Kowace kasuwa na da shugabanni, haka masu Adaidaita Sahu da teloli da mahauta. Makarantun firamare na gwamnati na da kwamitin iyaye da al'umma da aka tanada don sa ido, ƙananan asibitoci na da kwamitin mazaɓa, kujerun na nan, sau da yawa babu mai zama a kansu sai wanda aka naɗa don ya yi shiru. Waɗannan ƙungiyoyi sun iya tara kuɗin gyaran makabarta da sayen taransifoma, wato suna biyan abin da gwamnati ta riga ta karɓi kuɗinsa. Abin da nake roƙo shi ne a ƙara abu ɗaya a kan aikin gayyar: a zaɓi matsala guda, famfo ko aji ko magani, a rubuta takarda da sunan ƙungiya zuwa ga ciyaman ko kwamishina, a tambayi nawa aka ware, wa aka ba aikin, yaushe za a gama. Mutum talatin su sa hannu, dattawa a gaba. A kai takardar, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafi, a riƙe kwafin. Doka ta ba su kwana bakwai. A rana ta takwas a koma da kwafin a hannu, in babu amsa a wuce gidan rediyo da shi, daga can kuma ofishin lauya.